Malama Ismay da Baitin Aljihu

Har gobe idan aka ambaci sunan Fitzroy Cuffie a gabana sai na kau da kai na tofar. Jikokina sukan ce, "Haba Kaka, mutumin nan ƙasa ta rufe shi tun tuni, ki yafe masa mana." To ni aka yi wa, balle in yafe? Wadda aka yi wa ba ta taɓa buɗe baki ta ce ta yafe ko ba ta yafe ba, don haka ni na riƙe mata abin, kuma ina nan riƙe da shi.

Sunanta Ismay Toussaint. Duk Sangre Grande Malama Ismay ake ce mata, ni kaɗai nake kiranta makome, don ita ta riƙe 'yata ranar da aka yi mata baftisma, haka kuwa uwa da mai riƙe mata ɗa suke kiran juna a nan. Gidajenmu na katako ne, bango ɗaya ya raba mu, irin bangon da idan ta yi atishawa ni nake ce mata sannu. Tela ce. Litinin zuwa Asabar ƙafafunta suna kan fedar keken ɗinki, ranar Lahadi kuma suna kan fedar ogan ɗin cocinmu, wani tsohon abin kiɗa mai taurin kai da ba ya jin maganar kowa sai tata. Mijinta ya rasu tana da sauran ƙuruciya, reshe ne ya faɗo masa a gonar koko. Ba su haihu ba, ba ta kuma sake aure ba. Manema sun zo, har da wani mai shago ɗan Sangre Chiquito da ya yi ta zarya da kwalin alewa, ta sallame su ɗaya bayan ɗaya. Abin da Ismay take da shi a duniyar nan shi ne kujerar nan ta gaban ogan. A kanta take zama mutum. Idan ta sa farar rigarta da hularta ta haura matakalar coci, har bayanta miƙewa yake yi.

Sai dai Allah ya yi ta da wani irin kunne. Ba ta jin kalma ɗaya ita kaɗai, sai ta ji ta da 'yar'uwarta a goye. Turancin nan namu kuwa kamar don ita aka yi shi. Tun tana ƙarama abin ya fara jawo mata duka. Uwarta tana sayar da kifin da ake kawowa daga Manzanilla, akwai kuma wani kifi mai faɗi da sunansa da kalmar rai sautinsu ɗaya ne a baki. Ranar da mai wa'azi ya ɗaga hannu ya ce kowa ya kula da ransa kada ya ruɓe, sai yarinya ta tuna da kwandon uwarta a rana, dariya ta ƙwace mata a tsakiyar coci. Ta sha bulala ranar. Ta ce mini tun daga nan ta koyi yin dariya a ciki, fuska a ɗaure.

Ni a ta bango na gano sirrinta. Wata shekara bayan Kirsimeti na ji keke yana ta ƙara, murya kuma tana bin sa ƙasa-ƙasa da wata waƙa a kan mijin da ya ƙware a abu ɗaya tak. A Turanci kalmar kwanciya da kalmar ƙarya ɗaya ce, waƙar kuma ta ƙi faɗin wanne ya ƙware a kai. Na yi dariya har na ƙona albasa. Ba a yi wata guda ba sai ga wannan waƙar a bakin Fitzroy a rumfar kalifso, inda mawaƙa suke baje waƙoƙin habaici, gari kaf yana rerawa.

Na shiga wurinta ko sallama babu. Na ce, "Makome, ashe ke ce?"

Ta cire allurai daga bakinta ɗaya-ɗaya, ta soke su a gaban rigarta. Ta ce, "Verlyn, idan maganar nan ta fita daga ɗakin nan, kin kashe ni."

Ba wasa take yi ba. A lokacinmu macen coci ko ta gefen rumfar kalifso ba ta bi. Ni dai an yi mini uzuri don abinci nake sayarwa a bakin ƙofa, kuma dama ba a taɓa sa ni a layin waliyyai ba. Amma zumuntar matan cocinmu sun taɓa cire wata yarinya daga cikin mawaƙa don kawai an gan ta tana karkaɗa kafaɗa a bayan makaɗa ranar Kanifal, babban bikinmu na kiɗa da rawa a kan titi. To ina ga mai riƙe da makullin ogan, a ce ita take haɗa waƙoƙin da maza suke tafa wa cinya? Na rantse mata, ban kuma taɓa karya rantsuwata ba.

Fitzroy ɗan ƙanwar mahaifiyarta ne, a gidansu ya girma, a tukunya ɗaya suka ci. Ita ta koya masa ɗaura igiyar takalmi. Ya girma ya zama direban motar haya mai zuwa Port of Spain, ya kuma ɗauki sunan waƙa, Sarki Ƙaguwa, don a kan dandamali a kaikaice yake tafiya. Gaskiya ɗaya ce, Allah ya ba shi murya, ya ba shi gira. Girar nan idan ya ɗaga ta guda ɗaya ya dakata kafin kalma ta faɗo, ko limamin coci sai ya murmusa. Amma a ce ya haɗa layi biyu da kansa? Ko kusa. Kansa fanko ne, na sha faɗa masa a gaban idonsa.

Ga yadda suke yi. Kowace shekara yana zuwa a gwada masa kwat ɗin da zai sa a rumfa, ba wanda zai ga abin mamaki a ce mutum ya je wurin yayarsa tela. Ya tsaya ya ware hannuwa, ita kuma tana zagaya shi da awo da allurai, tana zuba masa waƙar a kunne layi-layi. Ba ta taɓa rubuta ko harafi ba. Idan ya ɓata layi sai ta soka masa allura a kafaɗa.

"Wayyo! Yaya, nama ne fa!"

"Na sani. Ka sake. Kuma ka daina kashe ido a wurin nan, wa ya ce ka kashe ido?"

"To ta yaya za su gane?"

"Ba aikinka ba ne su gane. Kai dai ka rera."

Kwat ɗaya sai ya ci gwaji har an kusa Kanifal. Mutane suna cewa Malama Ismay akwai tsantseni a ɗinki.

Ta taɓa yi mini bayanin sana'ar, ranar muna ɓare wake a barandarta. Ta ce iri biyu ce. Akwai kalmomi 'yan tagwaye, sautinsu ɗaya, iyayensu daban, kamar kifin uwarta da rai. Akwai kuma kalma ɗaya mai fuska biyu, kamar ta kwanciya da ƙarya. Ta ce ta fi son ta biyun, don ba ta bukatar a lanƙwasa harshe. Sannan ta ce waƙa irin wannan gida ce mai falo da uwar ɗaki. Falon sai an share shi tsaf, labarinsa ya tsaya da ƙafarsa, yadda yaro zai rera a gaban kakarsa ba a mare shi ba. Wanda ya leƙa uwar ɗaki, shi ya kai kansa, ba wanda ya ja shi. Shi ya sa mawaƙi ba ya bayani, ba ya nuna kowa da yatsa, ba ya kuma faɗin wanda ya haɗa masa. Waƙa ta wanda ya rera ce. Kowa a rumfa ya san akwai masu haɗa wa wasu, amma ba a tambaya, ba a faɗa.

Na ce, "Ke ba kya jin haushi, shi ake tafa wa?"

Ta ce, "Tafi na me? Ni idan na ji mai yankan nama yana rera layina yana sara ƙashi, bai san ina tsaye a gabansa da kwando ba, wannan daɗin ya ishe ni."

Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Fitzroy ya yi suna daga nan har Arima, amma kambin gasar garinmu ya ƙi zuwa kansa. Kullum na biyu, wata shekarar na uku. Furfura ta fara fito masa, tumbi ya fara tura maɓallin kwat, abin ya fara cin sa a rai. Yakan zauna a bakin tukunyata yana cin shinkafar pelau bashi, yana cewa alƙalai ba sa ƙaunarsa.

Shekarar da abin ya faru, Ismay ta haɗa masa waƙar da ta fi duk na baya. A Turanci agogo yana da fuska, yana da hannuwa, kamar mutum. A kan wannan ta gina ta. Wata bazawara ce take kiran mai gyara:

Malam mai gyara, leƙo gidana,
agogona ya tsaya tun rasuwar maigida.
Fuskar tana nan fes, hannuwan ne suka yi sanyi,
ɗiga masa mai, ka murɗa a hankali.

Da na ji ta ta bango sai na shiga wurinta. Na ce, "Makome, ke ma fa bazawara ce."

Ta yi 'yar dariyar nan tata ta cikin hanci. "Zawarawa nawa ne a garin nan? Wa zai kawo ni a ransa, ni da hular coci?"

Akwai wata al'ada a gasar kalifso. Idan waƙa ta yi wa jama'a daɗi, suna tafi suna ihun "Kaiso! Kaiso!" har sai mawaƙi ya dawo. Idan ya dawo kuwa, ba a maimaita tsohon baiti, sai sabo fil, kamar a nan take ya faɗo masa. Masu kai suna ƙirƙira a tsaye. Irin su Fitzroy kuwa da guzuri suke zuwa, Ismay tana ce masa baitin aljihu. Ta ba shi nasa kamar kullum. Ya ce ta ƙara, ta ce ta tatse agogon nan tas, duk abin da za ta ƙara zai fito da uwar ɗaki tsakar falo.

"To idan suka ƙare aka sake kirana fa, Yaya?"

"Sai ka fito ka cire hula ka rusuna ka koma. Ba a taɓa kashe kowa don ya rusuna ba."

"A ba wani kambi ke nan."

"A ba shi. Baɗi ma shekara ce."

Ina jin su ta bango.

Aka yi gasar ranar Asabar ɗin da Kanifal zai biyo baya, da la'asar, a filin wasan kurket. Shekarar ce aka fara kawo lasifika, aka ɗaure manya guda biyu a kan sanda, muryarsu tana kaiwa har bayan kasuwa. Na kafa tukunyata da tulun mobi, abin shan nan na ɓawon itace, a gefen dandamali, komai a kan idona aka yi.

Abokin karawarsa wani matashi ne daga Arima, ana ce masa Ɗan Ashana. Shegen yaro, siriri kamar bai taɓa ƙoshi ba, amma kansa wuta. Aka kira shi ya dawo, ya dubi wani mai ƙatuwar hula a layin gaba ya haɗa masa baiti nan take, har mai hular ya cire ta ya zauna a kai. Jama'a suka haukace.

Sai Ƙaguwa ya fito a kaikaice cikin kwat ruwan ɗorawa. Kai, ranar ya rera! Ban taɓa jin sa haka ba. Ya dakata inda aka ce ya dakata, bai kashe ido ba ko sau ɗaya, ya tsare fuska kamar mai karanta sanarwar mutuwa. Tsofaffi suna share hawaye, mata suna dukan bayan juna. Aka kira shi ya dawo, ya zaro baitin aljihu. Aka sake kira, ya zaro wani. Ni ina lissafi a raina, na san lokacin da aljihu ya zama wayam. Na ce to madalla, ya isa haka.

Jama'a suka ƙi. "Kaiso! Kaiso! Ƙaguwa! A dawo da Ƙaguwa!"

Ya fito. Makaɗa suka ɗauko kiɗan shiga, suka kai inda zai kama, bai kama ba. Suka zagayo suka sake kawo masa, bai kama ba. Yana tsaye baki a buɗe, gumi yana bin wuyan kwat. Hular tana kansa, hannunsa ma ya ɗaga ya taɓa bakinta, na gani da idona. Ina cewa a raina, cire ta, ɗan banza, cire ta ka rusuna. Sai wani daga baya ya ƙwala, "Ƙaguwa ta shige rami!" Aka fara dariya, irin wadda ba ta daɗi ba. Ɗan Ashana yana gefe ya harɗe hannu yana murmushi.

Fitzroy ya sauke hannu daga hular, ya ɗaga wa makaɗa su tsaya. Ya matso bakin lasifika, ya ɗaga girar nan.

"Jama'a, baiti kuke so? Zan ba ku abin da ya fi baiti. Kuna son ku san agogon wa ya tsaya?"

Fili ya ɗauka, "Faɗa mana!"

"Ni dai rerawa nake yi. Mai agogon ita ta haɗa waƙarta da bakinta, ita ta haɗa duk waɗanda kuka taɓa ji a bakina. Kuna son ganinta? Ku yi wanka gobe ku je coci. Tana nan gaba da farar hula, tana taka feda." Ya kwaikwayi yadda take zama, baya a miƙe, ƙafafu suna hawa da sauka. "Yayata ce ta kaina, Malama Ismay!"

Sai filin ya fashe. Ban taɓa jin dariya irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake ji. Maza suna faɗuwa daga benci. Wani ya jefa hularsa sama. Makaɗa suka saki kiɗa, shi kuma ya yi ta rawarsa a kaikaice daga wannan gefe zuwa wancan, yana buɗe hannu yana karɓar tafi. Matar da ta share masa majina, ta ɗinka masa suna da allura shekara da shekaru, ya sayar da ita a kan dariya guda. Ba giya ya sha ba, kada wani ya ce mini giya ce. Idonsa biyu, ya auna, ya zaɓa.

Na bar ludayi a cikin tukunya na kama hanya da gudu, wai in riga labari isa. Wauta ce. Kowace shekara takan bar tagarta a buɗe ranar gasa ko iska za ta kawo mata ɗan kiɗa, bana kuwa ga lasifika. Ta ji sunanta ya ratsa saman rufin gari kaf.

Na same ta a gaban keke, hannuwanta a kan wani yadi, allura ta tsaya a tsakiyar ɗinki. Ba ta kuka. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Makome, wa kika bar wa tukunyarki?"

Ni ce na yi kukan. Kafin rana ta faɗi masu dawowa daga fili suka fara bi ta ƙofar gidan, alhali ba hanyarsu ba ce. Wani ya rage tafiya ya ce, "Malama Ismay, don Allah ƙarfe nawa?" Abokansa suka kwashe da dariya. Na fita da taɓaryar dakan ayaba, suka watse. Ta tashi ta rufe tagar.

Washegari da safe, muna shirin coci, sai ga shi. Da kambinsa a hannu, na kwali da aka manna wa takarda mai ƙyalli, idanunsa jajur. Ya tsaya a bakin baranda yana washe baki.

"Yaya, mun ci! Ga shi, naki ne, ke ya dace ki sa."

Na ce, "Kai, ka ɓace mini da gani kafin in yi maka wanka da ruwan kifi."

"Verlyn, ba da ke nake ba. Yaya, ki saurare ni. Na ɗaukaka ki fa. Shekara nawa kina ɓoye kamar mai laifi? Yanzu har Port of Spain za a san sunanki. Jiya mutum biyu suka tare ni suna tambayar ko za ki haɗa musu."

Ismay tana tsaye a bakin ƙofa tana sa safar hannu, yatsa bayan yatsa. Ta ce, "Fitzroy, da ka cire hula, me zai same ka?"

"Haba Yaya, ba ki ji yadda suke mini ba. Dariya fa suka fara yi mini."

"Na ji. Ta yaya ba zan ji ba? Dariyar da za a yi maka ta yini ɗaya ce, gobe Kanifal ya shafe ta. Kai ba ka iya ɗaukarta ba, sai ka sauke ta a kaina."

"Wasa ne fa. Kowa ya san wasa ne."

"A kan kabarin Mama ka rantse mini ba za ka taɓa faɗa ba."

Ya juya kambin a hannu, ya rasa inda zai ajiye shi. Ta sauko ta bi ta gefensa kamar ba mutum a wurin, ni kuma na bi ta ina jin kamar in koma in fasa masa kai.

Ban yi zaton za ta je coci ba, amma ta je, da kanta a sama. Matan zumunta sun yi cirko-cirko a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Fada Alleyne, limamin cocinmu, yana jiranta a ƙofar gefe. Mutumin Tobago ne, cikin kalifso ya tashi, ba abin da ke cikin waƙar nan da bai gane ba. Ya ɗaga murya yadda na ƙarƙashin mangwaro za su ji, ya ce, "Malama, an kawo mini ƙarar wata waƙa a kan gyaran agogo. Na saurare ta da kyau. Ni ban san ranar da gyaran agogo ya zama zunubi ba. Je ki zauna a wurinki, lokaci yana tafiya."

Allah ya jiƙan bawan nan. Na ji kamar in rungume shi. Na matse hannunta. Na ce a raina shi ke nan, mun tsira.

Cocin ya cika har waje. Mutanen da rabonsu da shiga tun ranar aurensu, duk ga su da wanka da man gashi, sun jeru a baya. Ismay ta zauna, ta buɗe ogan, ta gyara zaman hularta. A cocinmu mai kiɗa ce take fara rera layin farko ita kaɗai, don jama'a su kama murya, sannan kowa ya shigo. Ta taka feda, kiɗa ya tashi lafiya lau. Ta buɗe baki ta rera layin.

Waƙar safiya ce da muka sani tun muna yara, godiya ce ga Allah da ya tashe mu lafiya. Na juya layin nan a kaina shekara da shekaru, ta gaba da ta baya, Allah shaida babu komai a ƙarƙashinsa. Amma daga baya wani ya yi wani irin tari. Na kusa da shi ya toshe baki. Abin ya taho benci-benci. Ba 'yan kallo kaɗai ba, har namu. Na ga matar da Ismay ta ɗinka wa rigar aure ta cusa hankici a baki, kafaɗunta suna rawa. Na ga mawaƙan da ta koya wa numfashi sun sunkuyar da kai a bayan littafi. Ba su ma san abin da suke wa dariya ba. Daga bakinta ya fito, don haka lalle akwai wani abu a ciki, kowa yana lalube.

Fada ya buga hannu a kan teburi, aka ɗan lafa. Ismay ta koma farko, ta sake rera layin, a hankali, kowace kalma a fili. Wannan karon ba su ma iya ɓoyewa ba.

Ta ɗauke ƙafafunta daga feda. Ogan ya ja wani dogon numfashi ya mutu. Ta rufe shi, ta ajiye makullin a kai, ta bi ta tsakiyar coci ta fita, ba sauri ba, ba kuma ta dubi kowa ba. Na tsaya a bakin ƙofa na juyo na faɗa musu maganar da ba a faɗa a ɗakin Allah, sannan na bi ta.

Sai da muka wuce gadar ƙaramin rafi ta tsaya. Ta ce, "Makome, me na ce?"

"Ba ki ce komai ba sai abin da ke cikin littafi."

"Kin tabbata? Ki faɗa mini gaskiya."

"Na rantse miki."

"To me suka ji?"

Har yau ban sani ba.

Fada ya aiko sau da dama, ya zo da kansa ma, ba ta koma ba. Ta ce ba za ta mai da ɗakin Allah rumfa ba. Abin kuma bai tsaya a coci ba. Ta je kasuwa ta ce a ba ta rogo mai kauri, mai rogo ya kama ciki don dariya. Ta ce wa mai kawo ɗinki ya juya ta auna shi, ya ce, "A hankali dai, Malama." Ko ina kwana ta ce sai an nemi abin da take nufi. Da kaɗan-kaɗan ta rage magana, har ya zama a kasuwa da yatsa take nuna abin da take so. Keke ya ci gaba da ƙara ta bango, amma ban sake jin murya tana bin sa ba. Fitzroy ya yi ta jan tsofaffin waƙoƙin har aka gaji da shi, wannan kuma matsalarsa ce.

Ta yi tsawon rai, makome. Kowace Lahadi takan sa farar rigarta, ba hula, mu tafi tare har bayan coci, inda katanga ta yi kwana ba mai ganin mutum daga hanya. Ni ma na daina shiga, sai in tsaya tare da ita. Yarinyar da aka ba ogan tana ta fama da shi a ciki, jama'a suna rerawa. Leɓunan Ismay suna bin kowace kalma, amma ko ni da kafaɗata take taɓa tata ba na jin komai.